Cikin da Ya Ƙi Tashi

Shekarar da aka ce ƙasarmu ta samu mulkin kai, ni ina ɗauke da cikin da ya haura shekara biyu. Na san mai karatu na yanzu zai yi dariya, jikokina ma sun yi, musamman wadda ta yi lakol, wato makarantar koyon aikin ungozoma. To, a lokacin ba wanda ya yi dariya. A ƙauyen mijina, can bayan Cadakori, kowace tsohuwa tana da labarin wata da cikinta ya kwanta shekara uku ko huɗu, daga baya ya tashi aka haifi ɗa lafiyayye. Malamai ma sun san da zancen a cikin littattafansu. Saboda haka da nawa ya ƙi fitowa ba a ce ciwo ba ne, an ce ya kwanta.

Mijina ya rasu da bazara. Sanƙarau ya kayar da shi, kafin a gama neman magani har an yi masa sutura. Aurenmu bai cika shekara ba. Mutum ne marar hayaniya, ni kuma bakina ba ya gajiya, shi ya sa muka dace. Na yi kukansa da gaske. Na shiga takaba yadda kowace mace ke shiga, ba kitso, ba lalle, ba kwalli, ba leƙa ƙofar gida, ga 'yar wuƙa a hannu duk inda na juya. Na ce a raina wata huɗu da kwana goma ba mutuwa ba ce, zan daure, in an gama in koma gidan ubana a Sae Sabuwa.

Kafin wa'adin ya cika sai marata ta fara tasowa, ta ɓangaren dama. Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ta fara lura, ina sunkuye ina shara. Ta aika aka kira ungozoma, tsohuwar ta shafa, ta danna, ta ɗaga kai ta ce, “Allah mai iko, marigayi ya bar baya.” Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta rufe fuska da gyale. Da maraice liman ya aiko da hukunci, wanda dama kowa ya sani: mai ciki ba ta fita takaba sai ta sauka. Ban damu ba a ranar. Murna na yi, don ina son in ga fuskar mutumin nan a jikin wani.

Sai in faɗi wace ce Inna. Doguwar Bagobira ce mai tsage har kunne, mai ƙarancin magana, mai hannun tuwo. Mijina ɗanta ne na fari, kuma ta yi masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane yana yaro, ba ta kallonsa ido da ido da ya girma. In ya kawo mata goron kasuwa sai ta ce a ajiye can. Duk son da ta haɗiye tsawon rayuwarsa yana nan a tare, kuma da aka ce ya bar ciki sai ta juye shi kaf a kan marata. Jika ba a yi masa kunya. Da safe kafin ta gaishe ni sai ta gaishe shi. Takan ce, “Mai gidana, an tashi lahiya? Yaushe za ka hito ka ba ni kuɗin cehwane?” Tun bai zo ba ta yanke cewa namiji ne, ta kuma mai da shi mijinta na wasa.

Wata tara ya zo ya wuce. Cikin bai ƙaru sosai ba, bai kuma motsa ba. Al'adata ma da ta ɗan rikice bayan rasuwar ta dawo tana zuwa. Na gaya wa ungozoma ina tsammanin za ta ce mun yi kuskure, sai ta ce ai wannan ita ce shaidar, yaro ya yi barci ya daina shan jini, shi ya sa jinin ke zuba. Baƙin cikin da na yi ne ya tsorata shi ya kwanta. Da ya ji gida ya yi sanyi zai tashi.

Daga nan aka shiga tashinsa. Na sha rubutu har harshena ya saba da ɗanɗanon tawada. Na sha sassaƙe, na sha jiƙo mai ɗaci da marar ɗaci, an turara ni da hayaƙi iri-iri har zanena ya koma warin murhu. An kawo wata mata 'yar bori daga Tsibiri ta zo da masu goge, a ɓoye, don kada liman ya ji, ta yi ta juyi a tsakar gida, ta ce yaron yana son farar akuya. Aka yanka farar akuya, jama'a suka ci nama, shi ko gezau.

Ni kuwa, Allah ya halicce ni da ƙafar yawo. Tun ina yarinya ni ce mai kai furar uwata kasuwa, na san hanyoyin ƙauyukanmu da gonakinsu da rijiyoyinsu, in aka aike ni kusa sai na bi ta nesa. Irin wannan mace aka ce ta zauna cikin danga, ba ranar fita. Wanda aka ɗaure a gidan kaso ma ana gaya masa wa'adinsa. Ni nawa wa'adin yana hannun wani mai barci. Na daka hatsin gidanmu, na aika maƙwabta su kawo nasu in daka musu. Na yi kaɗi, na yi saƙar faifai, na warware na sake. In aikin ya ƙare sai in yi ta zagaya tsakar gida, daga rumbu zuwa turken awaki, daga turke zuwa randa, har ƙafata ta fitar da 'yar hanya a ƙasa. Ranar kasuwar Cadakori ta fi kowace rana wuya. Ina jin jakuna suna wucewa ta bayan danga, mata suna kiran juna, sai in ji kamar in cire ƙafafuna in ba su su tafi da su.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni na dafa nawa har ruwan ya ƙone. Akwai ranakun da nake shiga ɗaki in dafa marata in yi masa faɗa a hankali, in ce ko ka fito ko ka san inda dare ya yi maka. Sai kuma tsoro ya kama ni, in ce wace irin uwa ce ke zagin maraya tun yana ciki. In na fito Inna ta miƙo mini kan kaza ko hantar da ta ɓoye mini, sai kunya ta rufe ni. Ba ta taɓa yi mini tsawa ba, ko sau ɗaya. Da muguwa ce da na samu abin tsana na huta. Ina sonta, ina kuma jin haushinta, duka biyun a cikin ƙirji ɗaya.

Ranar bikin mulkin kai da damina ce, hatsi ya yi kai. Ƙauyen ya kwashe zuwa wurin taro, maza da mata da yara, an ce za a ɗaga sabuwar tuta. Daga ni sai Inna sai awaki. Iska tana kawo mana sautin ganguna tana mayarwa. Da yamma ƙanin mijina ya dawo muryarsa a dishe, yana ba da labari a zaure yadda za mu ji, wai daga yau ba mai riƙe da kowa, kowa ya samu kansa. Na ce a raina, to, banda 'yar mutanen Sae Sabuwa. Dama an ce ana bikin duniya ake na ƙiyama, na je na ci gaba da tankaɗe.

Bayan kaka ciwo ya fara. Da fari yakan murɗa ni ya saki, Inna ta yi ta murna wai yaro ya fara juyi. Wata safiya ina riƙe da taɓarya sai ya kama ni bai saki ba. Na faɗi gefen turmi ina amai, gumi ya jiƙa ni. Ungozoma ta zo ta ce naƙuda ce, aka shimfiɗa, aka dafa ruwa, na durƙusa har gwiwoyina suka mutu, ba abin da ya sauko. Washegari ƙanin mijina ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce a kai ni likita, wato asibiti, a Maraɗi, akwai lokotoro, wani likitan Nasara mai yin fiɗa. Inna ta ce ba mai kai jikanta wurin wuƙa. Ya tafi, ya dawo da azahar ya sake faɗa. Ta daɗe tana kallona, ina kwance leɓena ya bushe, sannan ta ce, “In na rasa ta, na rasa shi. Tahi ka tare mota.”

A kan buhunan gyaɗa aka kwantar da ni a bayan kamiyo, Inna ta ɗora kaina a cinyarta. Abin kunya ne in faɗa, amma cikin wannan azabar sai da na ɗaga kai na kalli hanya. Na ga gawo, na ga kuka, na ga wani Bafulatani da shanunsa, na ga gulbi. Rabona da ganin abin da ya wuce danga tun ranar da aka fita da gawar mijina. Duk ramin da motar ta faɗa sai na yi ƙara, amma ban rufe ido ba.

A likita mutum biyu na riƙe. Akwai lokotoro, wani siririn Nasara mai jajayen kunnuwa, yana warin taba. Akwai majo, wato babban ma'aikacin jinya, Bahaushe ɗan Damagaram, shi ne bakin lokotoro, shi ne kuma kunnensa. Lokotoro ya danna cikina, ya kafa wani ɗan ƙaho ya saurara, ya matsa ya sake saurara, ya girgiza kai. Aka kai ni wani ɗaki mai duhu aka ɗauki hoton ciki, wanda suke kira radiyo. Da hoton ya fito ya ɗaga shi a taga, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya kira wani, wannan ya kira wani, suka taru suna nuni da yatsa suna Faransanci da sauri-sauri. Ina kwance ina mutuwa, mutum yana murna kamar an ba shi doki. Na tsane shi a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Inna ta tambayi majo me suka gani. Majo ya ce, “Inna, haƙora suka gani.”

Ban taɓa ganin fuskar Inna kamar yadda na gan ta a wannan lokacin ba. Ta ɗaga hannu sama ta ce, “Allahu akbar! Ba na hwaɗi ba? Yaro ya daɗe har ya yi haƙora. Ku hiddo min shi, ya isa yaye ma.” Ta juyo ta dafa cikina tana dariya da hawaye, tana cewa mai gidanta ya zo da abin cin tuwo.

Majo ya juya wa lokotoro maganar, murnar ta bar fuskarsa. Ya yi dogon bayani, majo ya taƙaita. Ya ce ba ɗa ba ne, ƙari ne, ya murɗe a kan jijiyarsa, in ba a cire shi yau ba zai kashe ni. Inna ta ce, “Yaro, kai ɗan Musulmi na. Hwaɗa mini, mi ka yin haƙora in ba ɗa ba?” Ni ma da nake kwance na ga maganarta ta fi tasu kama hankali. Daga ƙarshe ta yarda a yi aikin, don dai ko ɗa ne ai ta nan zai fito, amma ta kafa sharaɗi: “Duk abin da kunka hiddo, nawa na. Ku ba ni shi a hannu.” Majo ya faɗa wa lokotoro wani abu gajere ƙwarai. Ban san me ya faɗa ba, amma bai kai tsawon maganar Inna ba.

Aka ɗora mini wani abu a hanci mai warin da har yau in na tuna zuciyata ke tashi. Da na farka akwai ɗinki daga cibiya zuwa ƙasa, cikina ya lafe, murɗar nan ta tafi, sai zafin yanka wanda shi mai sauƙi ne. Inna tana zaune a ƙasa gefen gado. Na kasa kunne ko zan ji kukan jariri, ban ji ba. Na kalli hannunta, ba komai sai wani ɗan farin ƙyalle sabo a naɗe. Ta je kasuwa ta yanko shi tun da aka gaya mata abin bai fito da rai ba. Tana jiran a ba ta shi ta wanke, ta naɗe, ta kai gida ta binne a bayan ɗakin ɗanta, amma an hana ta.

Da na fara iya zama sai lokotoro ya riƙa zuwa da tambayoyi. Shekarata nawa, na ce a tambayi uwata. Yaushe na fara jin tsiron, ko akwai mai irinsa a danginmu, uwata ta haifi nawa, me nake ci. Ya auna ɗinkin, ya ɗauki hotona. Na tambayi majo ko aurena zai nema ne, majo ya yi dariya har ya riƙe gado. Ya ce aikin mutumin ke nan bayan fiɗa, yana bin diddigin cututtukan da ba a cika gani ba, ya rubuta yadda suka zo da yadda aka yi aikinsu da yadda mai su ta ƙare, ya aika wa 'yan'uwansa likitoci. Irin nawa ya taɓa gani ƙanana, amma bai taɓa cire mai girman wannan ba. Yana so ya aika shi babbar makarantar likitoci a Dakar, a yanka a duba da madubi a gane ko irin mai dawowa ne, sauran kuma a ajiye wa masu koyo.

Na ce wa majo ya bar zancen Dakar, ya gaya mini da Hausa mene ne. Ya ja kujera ya zauna. Ya ce kowace mace tana da rumbu biyu a mararta inda Allah ya ajiye irin haihuwa. Wani lokaci iri ɗaya yakan ruɗe ya kama gini shi kaɗai, ba tare da namiji ba, ya yi gashi, ya yi maiƙo, ya yi haƙori, duk a cakuɗe cikin jaka, ba kai ba ƙafa, ba rai. Ya ce mai yiwuwa tun daga cikin uwata na zo da tushensa, yana nan yana girma a hankali. An cire rumbun dama da shi, na hagu yana nan lafiya, zan iya haihuwa.

Na ce, “Wato ba na marigayi ba na?”

Ya ce, “Ba hannun kowa a ciki. Ko ba ki taɓa aure ba zai fito.”

Na kwanta na juya wa bango fuska. Abu biyu suka zo mini tare. Na farko, mutumin nan ya tafi ke nan gaba ɗaya, bai bar komai ba, sai na ji kamar yau ya mutu. Na biyu, takabata ta ƙare tun tuni, tun kafin a yanka farar akuya, duk zagayen da na yi tsakanin rumbu da randa na banza ne. Na yi kuka, ban san na wanne ba ne a cikinsu.

Inna kuwa kullum da safe tana bakin buron lokotoro, wato ofishinsa, da farin ƙyallenta. Ba ta faɗa, ba ta roƙo, tsayawa kawai take yi. Abin ya dame shi. Wata rana suka shigo su uku inda nake, ita da shi da majo, majo yana ɗauke da wata babbar kwalba a rufe da tawul. Ya ce lokotoro ya ce abin ba na Inna ba ne, ba kuma nasa ba ne, daga jikina ya fito, ni zan faɗi inda za shi. Ya ƙara da nasa, yana murmushi, wai da can ba a tambaya, amma yanzu an ce ƙasa ta canza. Na ce a buɗe in gani.

Gani ya kori ji. Girmansa ya kai ƙwaryar fura, an tsaga shi gefe ɗaya, yana cikin wani ruwa mai hawa ido. Ciki cunkus da gashi a dunƙule cikin wani maiƙo kamar man shanun da ya kwana, ga haƙora a jikin wani ɗan ƙashi, a karkace, ba baki ba leɓe. Inna ta matso ta durƙusa. Ta kewaya kwalbar da ido, ta sa majo ya juya mata ita. Na san abin da take nema, hanci ko goshi ko yatsa, wani abu da za ta ce na ɗanta ne. Ta daɗe. Sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, “Ko mine ne, a gidanmu ya kwana. A ba ni in suturta shi.”

Suka juyo gare ni. Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa musa wa matar nan ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. Da na ce a ba ta, ba wanda zai ga laifina, kuma da ta samu inda za ta riƙa tsayawa tana addu'a. Amma na hango ɗan tudun nan a bayan ɗaki, na hango kaina a matsayin uwar wanda ke ciki har abada. Na hango tsofaffin ƙauyen sun samu sabon labari, na wadda cikinta ya kwanta har ɗan ya yi haƙora Nasara ya yanka shi, su riƙa ba wata yarinya mai kumburin mara ta zauna jira. Kuma ina son a gaya mini ko zai dawo. Na gaji da zama da abin da ban san ranarsa ba.

Na dubi ƙasa na ce, “Inna, ki gahwarce ni. Ba jikanki ba na. Ciwona na. A bar ma lokotoro shi.”

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta fita da ƙyallenta. Na yi zaton ta kama hanyar gida, amma da la'asar sai ga ta da kunu, ta ajiye mini ta koma ta zauna inda ta saba. Har aka sallame mu ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma sake kallon cikina ba. Amsar Dakar sai bayan watanni ta iso ta bakin majo, cewa ba irin mai dawowa ba ne, kuma bai dawo ba. Amma wannan daga baya ne.

Muka koma ƙauye a wata kamiyon. Labari ya riga mu isa, sai dai ya isa a rikice, wasu sun ji an haihu, wasu sun ji an yi ɓari, wasu sun ji aljani aka ciro. Liman ya saurari ƙanin mijina, ya ce in dai abin ba ɗa ba ne to idda ta cika tun da daɗewa, a aika wa ubana ya zo ya ɗauke ni.

Kafin mu huta mata sun cika tsakar gida. A wurinmu in mace ta dawo daga irin wannan tafiya gaisuwa biyu ce, ko barka ko ta'aziyya, kuma ba a shiga gida a zauna ba a yi ɗaya ba. Sai ga su tsaitsaye da ƙoren hatsi a hannu, kowa tana kallon 'yar'uwarta, an rasa wadda za ta fara. Can ungozoma ta yi ƙarfin hali ta yi tambayar da ake yi, ta ce, “To, mi anka samu?”

Inna tana iya cewa an samu ɗa na bar wa Nasara shi a kwalba, kuma da ta faɗi haka da ba ni da sauran fuska daga nan har Sae Sabuwa. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarma biyu. Ta shimfiɗa ɗaya a inuwar rumbu ta ce in zauna. Ta ja ɗayar can gefen danga ta zauna a kai, ta gyara lulluɓi.

Ta ce, “Ba ɗa ba na, ciwo na, an cire. An samu ɗiyar mutane da ranta. Ita ku yi mata barka. Ni ku zo ku yi mini gaisuwa.”

Haka aka yi. Kowace mace ta durƙusa gabana ta ce barka da arziki, Allah ya ƙara sauƙi, in ce amin. Sai ta tashi ta tsallaka tsakar gida ta durƙusa gaban Inna ta ce ya haƙuri, Inna ta ce haƙuri sai ma'aiki. Ina jin duka biyun daga inda nake. Sau biyu na yunƙura in koma tabarmarta in zauna kusa da ita, tana ɗaga mini hannu in zauna inda nake. Har rana ta yi sanyi ana shigowa, ina karɓar barka, tana karɓar gaisuwar ɗanta karo na biyu, wannan karon ba ta ɓoye hawayenta ba.

Ubana ya iso da jaki washegari da hantsi. Inna ta ɗaure mini kayana da kanta, ta raka mu har bakin gonaki. Na durƙusa in yi mata sallama, ta kama kafaɗata ta tashe ni, ta ce, “Tahi, ɗiyata. Na tsare ki da yawa.” Ubana ya ce in hau jakin saboda ɗinki. Na ce masa a'a, da ƙafata zan tafi.